Hudar da Na Yi wa Birkin Yayana

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da na mai da motar Yayana motar tsere ba. Wautar kuwa tawa ce ni kaɗai: na kalli bidiyo uku a salula, na ɗauka na zama injiniya.

Ina ɗan shekara sha huɗu a lokacin. Yaya yana da tsohuwar mota da yake jigilar ƴan kasuwa daga Tasawa zuwa Kanan-Bakashe. In ta tashi, kajin unguwa uku sai sun watse. Wata Laraba ya kwance faifan birkin gaba guda biyu, ya ajiye su a zaure, ya tafi Maraɗi sayo sababbin plaketi, wato abin da ke matse faifan. Na dubi faifan, sumul kamar murfin tukunya. Na motocin tsere kuwa duk huda-huda ne, wai don su sha iska kada su yi zafi. Sai tausayin Yaya ya kama ni. Na kinkime su sai wajen mai waldar ƙofofi.

"Yaya ya ce a huda."

"Birki ne ko matankaɗi?" in ji shi.

"Kai dai huda, Malam, ilimi ne."

Ya huda, ba awo ba komai, duk inda na ɗora yatsa.

Da Yaya ya dawo, ya daɗe yana kallona ta cikin hudar. Na ce masa ai haka na motocin tsere suke.

"Kai, ɗan banza! Su can kan kwalta suke gudu, kuma a masana'anta aka yi musu nasu, in ya tsage su jefar. Ni mutum goma nake ɗauka da awaki, cikin rairayi!"

Nan na yi ƙaryar da har yau take ci na. Na ce ai na nuna wa makanike, ya ce ba komai. Ba wani faifan a kusa, ga kasuwa ta matso. Ya ɗaura su.

Yashi ya riƙa cika hudar yana cin plaketin, birki na kuka kamar ana wasa wuƙa. Ni kuwa ina ta yi wa abokaina alfahari wai ƙarar tsere ce. A mako na uku, yana gangara wani kwari, amalanke ya fito masa. Ya taka birki. Faifan hagu ya tsage daga huda zuwa huda, ƙafar motar ta cije, motar ta kife.

Fasinjoji sun fita da ƙurjewa. Yaya ne motar ta danne wa ƙafa. A asibiti na faɗa masa gaskiya ina kuka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Hudar na gani da idona. Maganar makaniken ce ban iya gani ba."

Na gane kowane ƙarfe da hanyar da aka ƙera shi dominta, kuma ƙaryata ta fi hudar ɓarna. Motar an sayar wa masu gwangwan. Yaya yana ɗingishi, yanzu kamasho yake yi a tasha.