Kaset a Cikin Rumbu

Jiya maƙwabciyata ta buɗe rumbu, warin tsohon gero ya biyo ni har ɗaki. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya.

Ina 'yar shekara tara a Gafasa ƙaramin kawuna ya dawo daga birni da tsohuwar kyamarar bidiyo, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa. Ya ajiye fartanya, ya ce shi fim zai yi. Kaset uku gare shi kacal, in zai ɗauki sabon wasa sai ya shafe tsoho. Samarin unguwa ne 'yan wasansa, wani ya ɗaura zanen yayarsa ya fito a mace. Rana ce fitilarsa, da hadari ya haɗo an tashi daga aiki. Ran kasuwar Gaya yakan nuna abin a shagon mai talabijin.

Kakata, wadda ta haife shi, ba ta yarda ya nufo ta da kyamara. "Kauce mini da wannan ido naka, ɗan nan, marar aikin yi." Amma wata rana bayan girbi tana sussuka, waƙa ta kwashe ta, ya ɗauke ta ba ta hana ba. Da damina ta faɗi, Allah ya yi mata rasuwa. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba sai wannan.

Bayan addu'ar bakwai kakana ya kira shi zaure. "Wadda ta kwanta dama ba za ka tashe ta tana daka a gaban mutane ba. Shafe ta."

Kawu ya ce to. Bai shafe ba. Mahaifiyata ta karɓi kaset ɗin ta naɗe a tsumma, ta tura can ƙasan rumbu, inda muke ɓoye irin shuka da duk abin da muke ji da shi. Kawu ya ci gaba da aiki da kaset biyu. Mu ba mu san zafi da laima suna cin kaset ba, mun ɗauka kamar gero yake jira.

Shekara shida muna kallon rumbun nan. Sai da kakana ya rasu aka fito da kaset ɗin, duk ya yi fumfuna. Kawu ya goge da auduga, ya sa. Saman hoton duk ruwan toka, murya babu. Hannuwa biyu kawai muka gani, suna ɗaga taɓarya suna saukewa. Mahaifiyata ta ce, "Ɗan ɗaga shi sama mana, mu ga fuskar."

Yanzu ya yi furfura, da waya yake gajerun finafinansa, ba ya shafe komai. Ni kuwa, ku yarda da ni, na yi na yi in tuna fuskar kakata, ta ƙi zuwa. Shi ya sa in 'yata ta ɗago waya ba na jan mayafi. Nakan ajiye abin da ke hannuna, in juyo sosai, in ce mata ta matso kusa.