Harajin Inna Hansai

Wata safiyar Alhamis, mako biyu bayan babbar sallah, ina 'yar shekara tara, gas ya ƙare mana shinkafa na kan wuta. Gidan da muke haya a unguwar Waziriyya, can ƙasa mai tsarki, ɗaki biyar ne, mata biyar, babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, ko ɗaya. Da umra suka shigo suka yi zamansu. A makon kuwa kamen marasa takarda ake yi ba ƙaƙƙautawa, ko 'yar gala-gala an hana mu yi a ƙofar gida. Matan suka yi cirko-cirko, kowa na kallon ƙasa, sai mahaifiyata ta dubi maƙwabciyarmu ta ce, "Hansai, yalla, tashi ki sauyo gas, ke ce ba ki da goyo."

Haka dokar gidan take, ko da yake ba wanda ya taɓa kiran ta doka. Sayen burodi, kai ɗinki, sauyo tukunyar gas, duk abin da zai fitar da mace titi lokacin kame na Inna Hansai ne, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Hujjarsu ita ce in an kama uwa, wa zai riƙe 'ya'ya? Alhali ita ke mana kitso, ita ke raba mu faɗa, ni kuwa tuwon ɗakinta na fi sani a kan na ɗakinmu. In ta ɗauki abaya takan yi dariya ta ce, "Ni ce takalmin gidan nan." Dariyar ba ta taɓa kwanta mini a rai ba. Da ta fita zama kan gagare ni, in hau saman gida, in sauko, in leƙa ta kafar ƙofa, har sai na jiyo takunta.

Ran nan na hau na sauko har azahar. Da la'asar mai shagon gas ya kawo tukunyar da kansa, ya ce a gabansa 'yan kame suka sa Inna Hansai a mota. Rabin kaina ta kitse da safen, na hana kowa ƙarasawa. Mahaifiyata ta sha kuka, amma washegari aka zauna shawarar wadda za ta riƙa fita.

Yau ina da takardun zama da 'ya'ya uku, ina fita sanda na ga dama. Kwanan baya na ji ana gardama wai a ɗora wa marasa haihuwa haraji don jama'a ta ƙaru, sai na rasa inda zan sa kaina. Mu mun karɓi namu tuntuni daga hannun mace ɗaya. Har yau ban san garin da aka sauke ta ba bayan an kore ta daga ƙasar.