Injin Ƙanƙarar Hajiya Kulu

Malam Ishiyaku na Yalwa da gyaran rediyo ya soma, ya koma firij, har ta kai duk injin ƙanƙarar da ya yi gardama tsakanin Rano da Kibiya shi ake nema. Al'adarsa ɗaya ce: ba ya canja wa inji komai sai ya ji ciwonsa da kunnensa. Masu gaggawa suna cewa nawa gare shi. Shi ko a jikinsa.

Wata shekara da azumi ya faɗo tsakiyar bazara, Hajiya Kulu mai sayar da ƙanƙara a Kibiya ta aika masa. Injinta lafiya lau da safe, amma da la'asar sai ya ɗauke, ƙanƙara ta fito rabi ruwa. Har ta ƙudura sayen sabuwar kwamfiresa, wato zuciyar injin.

Ya duba fis da wayoyi, babu abin da ya ƙone, gas ma bai tsiyaye ba. Sai ya shimfiɗa buzunsa ya zauna.

Ana idar da la'asar aka fara kai markaɗen ƙosai gidan maƙwabta. Injin markaɗe na tashi, ƙwan lantarki ya yi ja, injin ƙanƙara ya yi gurnani ya mutu. Ishiyaku ya bi waya, ashe janareta ɗaya suke sha.

"Malam, me za a sayo?" in ji Hajiya.

"Ko ƙusa. A raba musu wuta kawai. Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, yunwa ce. Mu aka wajabta wa azumi, ba shi ba."