Tafkin Hannun Hagu

Shekara ashirin da biyu na yi ina soya ƙwai a kicin ɗin Dympna Gilhooly. Da za a kai ni gaban alƙali a ce in rantse babu abin da ban sani ba game da matar nan, da na rantse ko ido ban ƙifta ba. Ashe zaman banza na yi.

Gidanta yana bakin hanya, mil uku daga garin Drumshanbo, ɗakuna huɗu na baƙi, kwana da karin kumallo. Abincinmu ba wani abin a zo a gani ba ne, cikin gadajen ma akwai mai kuka in an juya. Abin da ke kawo mutane shi ne taswirar Dympna. Baƙo zai sauka da motar haya, Bajamushe ko Ba'amurke, gumi ya jiƙa shi don bai saba tuƙi ta hagu ba, ya baje littattafai a tebur yana tambayar ta ina zai bi ya ga ƙasa. Sai Dympna ta ture littattafan gefe, ta zaro fensir daga gashinta, ta juya takardar jerin abinci ta fara zane.

"Ka rabu da babban titi, ba abin da za ka gani sai bayan tirela. In ka wuce coci mai jan ƙofa ka yi dama. Za ka ga ciyawa ta tsiro a tsakiyar hanya, kada cikinka ya ɗuri ruwa, hanya ce. In tumaki sun kwanta a kwalta kar ka yi musu hon, sun riga ka zuwa. Duk motar da kuka haɗu ka ɗaga mata yatsa ɗaya daga kan sitiyari, in ba haka ba a ce ba a yi maka tarbiyya ba."

Ta san inda ake samun mai ranar Lahadi, ta san gidan shayin da ba ya buɗewa Litinin, ta san gadar da mota biyu ba sa haɗuwa a kanta. Kuma kowace taswira, ko ta kwana uku ce ko ta goma, sai ta biya da mutum wuri ɗaya. A nan muryarta takan yi ƙasa.

"In ka bar Louisburgh ka miƙe kudu. Hanya za ta gangara tsakanin duwatsu, tafkin Doolough yana hannun hagunka. Ka tsaya, ka kashe injin. Kada ka taɓa kyamara sai ka ƙirga ɗari."

Katunan godiya da baƙi ke aikowa sun cika bangon falo har sun haura kan bene.

Ƙarshen watan Agusta na bara, baƙi sun tashi, ina tsane faranti, ta ce, "Attracta, ajiye tsumman nan ki zauna." Na zauna. Ta ce ta je wurin likitan ido a Sligo. Idanun suna tafiya, a hankali amma ba waiwaye. Lasisinta na tuƙi zai ƙare ranar takwas ga Oktoba, ranar da za ta cika saba'in da biyar, kuma likita ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa ba zai sa hannu a sabunta ba. Kafin ranar tana iya tuƙi da rana, ban da in duhu ya yi.

"Saboda haka zan rufe gidan kwana biyar. Ni zan tuƙa, ke ki riƙe takarda. Ina so in ga Doolough."

Na ce, "To ai shi ke nan, ki yi masa kallon ban kwana. Rabonki da can yaushe?"

Ta gyara zaman kwalbar gishiri a tebur. "Ban taɓa zuwa ba."

"Ba ki taɓa zuwa ina ba?"

"Doolough. Ko Louisburgh. Ko Kerry. Westport ma sau ɗaya na je, jana'iza, kuma ana ruwa."

Wallahi sai da na dafa tebur. Na dubi matar nan, na dubi bangon katuna, na sake dubanta. Na ce, "Dympna, ki ji tsoron Allah! Shekara arba'in kina aika bayin Allah daga Japan da Texas su bi hanyar da ƙafarki ba ta taɓa takawa ba?"

"Akwai wanda ya taɓa ɓata?"

"Ba wannan nake tambaya ba!"

"Akwai wanda ya ɓata, Attracta?"

Babu. Abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan. Doolough ɗin nan tafiyar awa biyu da rabi ce daga ƙofar gidanta.

A ranar ta ba ni labarin da na ɗauka na sani. Tana da ashirin da uku ta auri Malachy, direban babbar mota mai raba abincin shanu a yammacin ƙasa, ya fita Litinin ya dawo Juma'a. Ita aka bar wa shanu goma sha biyu masu tatsa safe da yamma, da uwar miji da ta yi shekara goma sha huɗu a kwance. Da tsohuwa ta rasu aka sayar da shanun, sai baƙi suka maye gurbinsu. Lokacin da rana ke fitowa lokacin baƙi ne, lokacin da babu baƙi kuma ba mai hankalin da zai fita yawo. Amma duk Juma'a bayan cin abinci Malachy zai share tebur, ya jera cokula su zama hanyoyi, kwalbar gishiri coci, kwanon sukari dutse, ya bi da ita duk inda ya bi a makon. Doolough kuwa farantin shayi yake ajiyewa a matsayinsa, ya ce baɗi zai kai ta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya rasu. Tun daga nan katunan baƙi ke gaya mata inda aka rufe gidan mai da inda aka gyara gada.

Na ce, "Ɗanki ba zai taso daga Boston ya kai ki ba?"

"In wani ya tuƙa ni ai kaya na zama. Da hannuna zan je."

Muka shiga shiri. Ban taɓa ganin mutum ya wahalar da takarda kamar yadda Dympna ta wahalar da tata ba. Wadda ke zana wa baƙo kwana goma kafin shayinsa ya huce, sai da ta yi mako guda a kan kwana biyar, ta zana ta goge. Ta lissafa kada mu wuce mil tamanin a rana, ƙarfe huɗu ta same mu a masauki. Ta kai motar gareji aka duba taya. Ta sayo min takalmin ruwa, wai nawa na kunyata mutum ne. Muka tsayar da Litinin, takwas ga Satumba.

Sai dai akwai rediyo. Kowace safiya, tara saura kwata, gidan rediyon yankinmu yana karanta sanarwar rasuwa, kuma a lokacin ko cokali ba ya motsi a kicin ɗin Dympna. A ƙauyuka uku da ke kewaye da mu ba a taɓa binne wani ba ta nan. Ba zuwa coci kawai ba, ita ce ke karɓe kicin ɗin gidan makoki, ta yanka burodi, ta jera nama a tsakiya, ta riƙe butar shayi kwana biyu ana shige da fice.

Ranar takwas ga Satumba akwatuna na cikin mota aka karanta sunan ɗan gwaggon Malachy. Muka sauke. Ranar ashirin da biyu muka sake lodi, aka karanta sunan tsohuwar malamar firamare. Na ce, "Matar nan shekararta casa'in da takwas, kuma dukan ki take yi da rula!" Ta ce duk da haka. Tsakani kuma ga baƙin da suka kama ɗaki tun bazara, ba ta iya kora. Kwana biyar suka koma uku, uku suka koma biyu. Aka yanke yankin Kerry daga tafiyar, aka yanke na Clare, ya rage Doolough kawai: mu tafi Talata bakwai ga Oktoba, mu kwana a ƙauyen Leenane da ke kudu da tafkin, mu dawo Laraba, ranar ƙarshe ta lasisi.

Safiyar Talata na zo da niyyar zare wayar rediyon daga bango. Ta riga ni kunnawa. Suna na biyu da aka karanta Benny Joe McGoldrick ne, ya rasu jiya da yamma a asibiti, gawa tana gida yau, binnewa gobe.

Benny Joe shi ya haƙa kabarin Malachy, da shi da 'ya'yansa biyu, cikin sanyin Janairu ƙasa ta daskare kamar siminti, tun safe har hannunsa ya fashe. A wajenmu wannan ba abin da ake mantawa ba ne. Dympna ta cire rigar tafiyarta ta rataye, ta ɗauko burodin guzurinmu ta fara ƙara wasu a kai.

A mota, a hanyar gidan makokin, na sauke mata duk abin da ke cikina. "Shi ke nan! Ki zauna kina yanka burodi har ki makance! Matattu ba su san kin zo ba, Dympna!"

"Breege ta sani," ta ce, ba ta ko kalle ni ba.

Breege ce matar mamacin. Mun same ta a ɗakin gaba kusa da akwatin gawar, an rufe madubi bisa al'ada, kyandir na ci. Dympna ta kama hannunta ta ce, "Sannu da wannan rashi, Breege." Breege ta leƙa ta taga, ta ga motarmu da akwatuna a kujerar baya, don ba mu tsaya saukewa ba.

"Ba yau ce tafiyarku ba?"

"An fasa. Ina butar take?"

Breege ta saki hannunta. Ta miƙe ta ja mu kicin, ta buɗe aljihun kabad ɗin kofuna, ta ciro wata takarda da ta yi ja don tsufa. Takardar jerin abincinmu ce, irin tsohuwar, a bayanta zanen Dympna.

"Kin tuna? Da muka cika shekara talatin da aure kika zana mana. Kwana huɗu. Shekara goma sha shida tana nan. Yau saniya za ta haihu, gobe ciyawa, jibi jana'izar wane. Makon jiya ma a asibiti yana ce min in ya fito za mu je mu ga tafkin nan na Dympna." Ta ɗago kai ta dubi Dympna. "Ke dai kin more, kin gan shi."

Dympna ta dubi takardar. Sannan ta ce, "Ban gan shi ba, Breege. Ban taɓa zuwa ba. Kuma gobe lasisina zai ƙare."

Breege ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta dube ni, na gyaɗa kai. Sai matar da mijinta ke kwance a ɗaki na gaba ta toshe baki da hannu tana dariya, hawaye na zuba. "Ke maƙaryaciyar tsohuwa! Ni da Benny muna ta cewa Dympna ta zaga duniya!" Ta share ido, ta danƙa mata takardar. "Ajiye burodin ki fita min daga gida. In na ga fuskarki a coci gobe, wallahi da tsintsiya zan kore ki a gaban kowa."

Muka fita ta ƙofar baya. Mata biyu masu shigowa da kek suka tsaya suna kallon Dympna Gilhooly tana barin gidan makoki ƙarfe goma na safe, kamar sun ga saniya a kan keke.

Ta yi tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, layin motoci a bayanmu tun daga Boyle. Duk mahaɗa sai ta ce, "Hagu ko dama?" ni kuma in karanta mata rubutun hannunta. Cocin mai jan ƙofa yana nan, ciyawar tsakiyar hanya tana nan, tumakin ma suna kwance inda ta ce. Ta ɗaga wa kowace mota yatsa.

Wajen ƙarfe biyu muka bar Louisburgh. Hanya ta gangara tsakanin duwatsu, Dympna ta rage gudu tana ta leƙen hagu. Babu komai sai gangaren dutse da tumaki.

Na ce, "Dympna. Dubi nan."

Tafkin yana dama. Baƙi wuluk, shimfiɗe a gindin dutse, ko iska ba ta taɓa shi.

Ta tsaya a gefe ta kashe injin. "Dama?" ta ce. "Shekara arba'in ina cewa hagu! Kuma ba baƙon da ya rubuto ya gaya min?"

"Wa zai ga wannan ya tuna da hagu da dama?"

"Amma Malachy bai taɓa kuskuren hanya ba. Hagu yake ajiye farantin. Kullum hagu."

Ta juya ta dubi hanyar da ke tahowa daga kudu, daga wajen Leenane, siririya tana bin bakin ruwa. Wata babbar mota tana hawowa a kanta a hankali, ta nufo mu, tafkin yana hannun hagun direban. Dympna ta bi ta da ido har ta wuce mu ta yi arewa.

"Ranar Juma'a yake biyowa ta nan," ta ce a hankali. "Ba tafiya yake ba, Attracta. Gida yake dawowa."

Na ƙirga ɗari a zuciyata kamar yadda takarda ta ce. Na kai ɗari ba ta motsa ba, sai na sake farawa daga ɗaya.