'Ya'ya Bakwai, Ba Yaya Bakwai Ba

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na koya wa kwamfuta Hausa ba, ni da ban taɓa zama a aji ba.

Da Alhajina ya rasu, na hau trotro, motar haya, daga Nima zuwa wani shago a Maamobi, a buga mana takardar sadakar arba'in. Sai na ce wa mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya karanta mini kafin ya buga. Idona bai san boko ba, amma kunnena ba a cutarsa.

Ya karanta: “Ya bar mata ɗaya da yayansa bakwai.”

Na ce, “Tsaya, Malam. Yayan wa? Alhaji shi ne ɗan fari a gidansu!”

Ya ce, “Mma, duk ɗaya ne ai. Mutane za su gane.”

“Ɗaya ne a bakinka. Sau bakwai na durƙusa a ɗaki ɗaya cikin Nima. Waken da na sayar a Kasuwar Malam Atta shi ya rene su. Yau ka mai da su yayyen ubansu, ni kuma ka bar ni ba ɗa?”

Ya rantse ya sa alamar, wata 'yar ƙugiya da ake ratayawa a sama gaban harafi. Ya danna a gabana: ta fito, ta ɓace. Wai salon rubutun da ya zaɓa yana ɗaukarta alamar buɗe zance, in bai ga ta rufewa ba sai ya musanya ta da fili.

Na ce, “To, gaya masa.”

“Mma, inji ne fa!”

“Inji ya fi ɗan akuya taurin kai ne?”

Na shimfiɗa mayafina na zauna. Ina faɗin “'ya'ya”, ina maƙale murya, shi kuma yana tonon cikin injin yana gunaguni da Turanci. Har la'asar, sannan ya rubuta masa doka: ƙugiyar nan in ta zo gaban wannan harafi, kada a taɓa ta.

Ya sake karantawa. Da na ji 'ya'yana sun dawo mini, su bakwai, a nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Takardar tana cikin akwatina har yau. Nakan shafa ƙugiyoyin nan biyu da yatsa. Tun ranar na san cewa abin da za a rubuta a kanka, ko ba ka iya karatu ba, ka zauna har a faɗe shi daidai.