Kwalaben Baƙon Mubi

Kwanan baya wani saurayi ya tambaye ni ko sabon shiga zai iya kiwon kifin adon nan da ake kira beta don sayarwa. Na ce ya fara da guda ɗaya, ya koyi canza masa ruwa, ya bar zancen ƙwai tukuna. Ya ce me ya sa. Na yi masa bayanin yawan aiki da ƙarancin masu saye, duk gaskiya ne, amma ainihin dalilina ban faɗa masa ba.

Shekarar da muka gudo daga Mubi ni da mahaifiyata, abu ɗaya ta roƙe ni, kada in kai ta sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Ta ce ta tsufa da bin layin abinci da kwano a hannu. Allah ya taimake ni na sami ɗaki a Jimeta, a gidan wata dattijuwar Bafulatana da kowa ke kira Dada. Ran da muka tare ta dafa kaina ta ce, "Kai ɗana ne yanzu."

Makarantar da nake koyarwa a rufe take, aiki babu, sai zaga kasuwa. A nan na ga wani ɗan kasuwa Ibo mai sayar da kifin ado, da wani ɗan jan kifi a kwalba yana jan wutsiya kamar mai sabuwar babbar riga. Ya ce sunansa beta, kuma maza biyu ba sa zama ruwa ɗaya sai ɗaya ya kashe ɗaya.

"Malam, wannan kifi na moni ne," in ji shi. "Ka saya miji da mata, su haifa maka, ni zan saya duka."

Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba, na saya. Kwaɗayi mabuɗin wahala. 'Ya'yan farko yawancinsu suka mutu, waɗanda suka rayu kuwa da suka girma kowane namiji sai da na ba shi kwalbarsa. Na bi masu shayi ina roƙon kwalaben da suka gama da su. Na jera su a bango, da kwali tsakaninsu don kada kifayen su ga juna. Ruwan wasu shuɗi saboda magani, na wasu kamar shayi saboda busasshen ganye. Wuta ba ta zama, sai na haɗa ɗan famfon iska da batirin babur, ga wayoyi ga siraran robobi. Da sassafe kuma in bi kwatoci da rariya ina ɗebo musu 'ya'yan sauro.

A watannin ne bam ya tashi a kasuwa. Gari ya koma kallon-kallo. In ka doshi shingen sojoji sai ka ɗaga hannu sama, in ka ajiye leda a masallaci sai sahu ya watse. Wanda ya zo daga wajen Mubi kuwa, ko tari ya yi sai an waiga. Tsoro nake ji kamar kowa, amma ko sau ɗaya ban tsaya na kalli ɗakina da idon maƙwabci ba: baƙo, marar aiki, mai tara kwalabe da waya da batir, ƙofarsa kullum a rufe.

Rufe ƙofar ma da dalilinsa. Jan kifin nan ya sake samun ƙwai. Namijin beta shi ke reno. Yakan tara kumfa a saman ruwa, ya ɗauko ƙwan ɗaya bayan ɗaya da bakinsa ya maƙala, in wani ya faɗo ya bi shi ya dawo da shi, ko abinci ba ya ci. Mai kifin ya gargaɗe ni kada kowa ya firgita shi, don haka na lulluɓe robarsa da tsohon zanen mahaifiyata.

Bayan la'asar suka zo, maharba uku daga cikin masu gadin unguwa, da bindigogi da layu. Babbansu ya ce in fito tsakar gida in durƙusa. Ya sa na tuɓe riga, ya duba kafaɗata ko akwai shatin igiyar bindiga. Na san inda ake kai wanda aka saka a mota a wancan lokacin, na kuma san ba kowa ke dawowa ba. Mahaifiyata tana zaune kan tabarma da carbi a hannu, ta daina ja. Abin da ke kaina kawai shi ne wa zai riƙe ta in an tafi da ni, kuma amsar ita ce Malkohi.

Ɗayansu ya leƙa ɗakin ya yi tsalle baya yana salati. Famfon yana gurnani a gefen zanen.

"Wannan mene ne yana ƙara?" in ji babban.

Na ce kifi ne.

"Kifi? Kai za ka buɗe da hannunka. In ka taɓa waya, na harbe ka."

Suka ja da baya bakin ƙofa, bindiga na kallon bayana. Na rarrafa na ɗage zanen. Ga gogan naku ƙarƙashin kumfarsa, ya buɗe fiffike yana neman faɗa. Babban ya matso a hankali, ya haska tocila, ya sa bakin wuƙa ya dama ruwan, kumfar ta tarwatse. Ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ana ci?"

Na ce a'a.

"To mene ne amfaninshi?"

Har yau ba ni da amsar da za ta gamsar da maharbi. Suna fita na ji babban ya tsaya a zaure yana cewa, "Dada, kin yi daidai da kika faɗa mana, amma kifi ne kawai."

Tsoron ya sauka, baƙin ciki ya maye gurbinsa. Matar da ta kira ni ɗanta! Na rantse gobe za mu bar mata gidanta. Na koma kan robar don in ga abin da ya saura, na tarar kifin yana bin ƙwan nasa da ya zube yana haɗiyewa, bai mayar da ko ɗaya sama ba. Na zage shi kamar mutum. Mahaifiyata ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ba mugunta ba ce. Firgita shi aka yi."

Washegari da safe aka yi sallama. Dada ce a bakin ƙofa da ƙwaryar kindirmo, idonta a ƙasa. Na tsaya ƙiƙam, hannuna a baya. In na juya mata baya, ban da wurin da zan kai tsohuwa sai inda na yi alkawarin ba zan kai ta ba.

Daga cikin ɗaki mahaifiyata ta ce, "Karɓi mana. Uwarka ce."

Na miƙa hannu biyu na karɓa.