Ranar da Jikata Ta Tambaye Ni Abin da Za Ta Faɗa wa Likitoci

Na ga abubuwa da dama a duniya, wasu sun shuɗe daga raina, amma akwai guda ɗaya da zai raka ni har kabarina. Ban yi boko ba, ban san biro ba. Ni ke faɗa, ana rubutawa.

Ni ungozoma ce a Jiwa tun ƙuruciyata. Yaran da suka faɗo a hannuna ba na iya ƙirga su. Ina da jika mace da na raina tun tana tsumma, domin mahaifiyarta, wadda ita ce 'yata ta fari, ta rasu ranar da ta haife ta. Aka mayar wa jaririyar sunan uwarta. Ni kuwa, irin tarbiyyar da muka taso da ita, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Saboda haka sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko ga uwar, ko ga 'yar. "Ke yarinya" nake ce mata, ta amsa.

To, ana nan ana nan, yarinya ta gama sakandare, ta ci jarrabawa, wata makarantar koyon likitanci a cikin Abuja ta kira ta ganawa, abin da suke ce wa intabiyu. Ana saura kwana biyu, kawunta, ɗana na biyu mai aiki a ma'aikatar gwamnati, ya zo da hantsi don ya shirya ta. Suka zauna a kan tabarma, ni ina gefe ina tsintar wake.

Ya ce, "Idan suka tambaye ki wane fanni kike so, me za ki ce?"

Ta ce, "Fannin mata da haihuwa, Kawu."

Ya girgiza kai. "Kada ki soma. Ɗan ogana ya je ya ce musu tiyatar ƙwaƙwalwa yake so, suka yi ta jefo masa tambayoyi har ya rasa ta cewa. Ke ko asibiti ba ki taɓa kwana ba. Ki ce kina son taimakon al'umma, duk inda aka sa ki za ki yi. Kada ki ɗaure kanki."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma don ƙaunarta ya faɗa. Da ya tafi, sai yarinya ta matso ta sa hannu a faifan waken, ta ce, "Kaka, ke da ba ki rasa magana, yau kin zama kurma? Me kika gani?"

Na ce, "Ni me na sani a harkar boko?"

Ta ce, "Idan na faɗa, za su ce me ya sa. Abin da na sani kawai, uwata ta rasu wajen haihuwata. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Kaka, ke ungozoma ce. Kina ina ranar?"

Shekara goma sha takwas ina jiran wannan tambaya, ina kuma roƙon Allah kada ta zo. Na ajiye faifan, na ba ta labari kamar yadda zan ba ku yanzu.

Uwarta ta zo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a cikin fari. Naƙuda ta kama ta bayan asuba. Ni da nake shiga ɗakin kowace mace a unguwa, ranar ban shiga ba, don kada a ce wance ba ta da kunya, ta tare a kan 'yar fari. Na aika aka kira maƙwabciyata, wadda ba ta kai ni sanin aikin ba, ni kuma na zauna a tsakar gida ina ɓarar masara. Wajen hantsi na ji kukan jaririya. Na jira in ji an ce mabiyiya ta faɗo, ban ji ba. Na san abin da wannan shirun yake nufi, na sani sarai, domin na sha tura matan wasu asibiti a kan haka. Amma mata sun cika gidan, idonsu a kaina, sai na ci gaba da ɓarar masara. 'Yar tawa ma ba ta kira ni ba, don ni na koya mata cewa mace ba ta raki.

Sai da azahar ta gota maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Ki taso, jinin nan ya ƙi tsayawa." Da na shiga, tafin hannun 'yata ya yi fari, jikinta ya yi sanyi. Aka nemo mota. A cinyata ta cika, ba mu kai asibiti ba.

Da na gama, yarinya ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari ma gaisuwa kaɗai ta haɗa mu. Na ce a raina, shi ke nan, na rasa uwar, na rasa 'yar.

Ranar ganawar, tana ɗaura ɗankwali, sai ta ce, "Kaka, ɗauko mayafinki, tare za mu."

Kawunta ya kai mu. A mota yana ta nanata mata, "Ki tuna, kowane fanni." Na zauna a kan benci a baranda cikin iyayen wasu yara, ina jan carbi. Ba samun makarantar kaɗai nake roƙa mata ba, ina tsoron abin da na ɗora mata ya karya mata harshe a gabansu.

Da ta fito, kawun ya tare ta. "Me kika ce?"

Ta ce, "Na faɗa musu."

Ya dafe kai. Ita kuwa ni take kallo. Ta ce su uku ne, a cikinsu akwai wata dattijuwar likita mai tabarau. Ita ce ta ce, me ya sa fannin haihuwa? Sai yarinya ta ba su labarin uwarta, da masarar, da shirun. Likitar ta ce, to idan kika yi shekaru kina karatu, kika ga wani fannin ya fi kwanta miki fa? Ta ce musu, "Ban san komai ba tukuna, koyo na zo yi, kuma ba zan rufe idona ba. Amma kun tambaye ni abin da ya kawo ni, shi ne wannan." Daga nan likitar ta tambaye ta, kakar taki tana da rai? Ta ce, tana baranda, kuma tun daga ranar ba ta sake barin wata mace ta yi jira ba, ko 'yar waye.

Ban san ta lura da haka ba. Na ja mayafi na rufe fuskata.

Bayan 'yan makonni saƙo ya zo an ɗauke ta. Ba zan ce maganar nan ce ta sa ba, Allah ne masani. Yanzu tana tsakiyar karatunta, wani lokaci ta ce mini aikin yara ma yana jan hankalinta, in ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Abin da na koya shi ne, wanda ya ari buri don ya burge mutane, gara ya bi shawarar kawunta ya kama bakinsa. Amma wanda dalilinsa na gaskiya ne, ya faɗa, ya kuma bar ƙofa a buɗe. Ni shiru ya cinye mini 'ya, ban so ya cinye wa jikata dalilinta ba. Ranar da za ta tafi makaranta, ta kai bakin zaure da jakarta, na buɗe baki na kira ta da sunanta na yanka, sunan uwarta. Ta tsaya cak, ta juyo, ta ce, "Na'am, Kaka."